Kwalbar da Ta Bari a Taga

Kwalbar tana kan tagar ɗakin karatun Malam, a gefen da rana ba ta bugawa kai tsaye. Tsohuwar kwalbar zuma ce mai faɗin baki, an rufe ta da ƙyalle, an ɗaure da roba. Wanda bai sani ba cewa zai yi ruwan wanke-wanke ne aka manta ba a zubar ba. Baƙi da yawa sun faɗi haka, wasu a zuci wasu a fili, Malam kuwa bai gyara wa kowa ba. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gyara wa 'ya'yan mutane kuskure a ajin ilimin halittu, bai ga abin da hakan ya ƙara wa duniya ba.

Matarsa ce ta kafa kwalbar. Ita ce mai kula da ɗakin gwaji a makarantar da ya koyar: ta wanke gilasai, ta goge madubin likita mai girmama ƙananan halittu, ta shirya wa ɗalibai abin da za su leƙa. Shi ya tsaya gaban allo ya yi bayani, ita ta sa abin ya bayyana a ƙarƙashin madubi. Da suka yi ritaya, makaranta ta ba shi agogon bango. Ita ba a ba ta komai ba, sai ta ɗauko kwalbarta da wani madubi da aka ce ya lalace. Bai lalace ba, goge shi ne ba a yi ba.

Abin da ke cikin kwalbar a littafi sunansa faramisiyam, amma ɗalibai silifa suke cewa, don fasalin tafin takalmi gare ta. Ido ba ya ganinta, sai dai kamar ƙura mai motsi idan an ɗaga kwalbar wajen haske. Ƙwayar halitta ce guda ɗaya tak, amma ta ishi kanta. Tana da baki a gefe, da ƙananan gashi ko'ina a jiki da take tuƙi da su, da 'yan jakunkuna biyu masu cika da ruwa su matse su zubar, kamar mai kwarfe kwale-kwalen da ke yoyo. Malam yakan ce wa ɗalibai bakteriya ɗaki ɗaya ce, nan kwana, nan girki, nan ajiya. Silifa kuwa gida ce mai ɗakuna, kowane aiki da ɗakinsa, cibiyarta ma a kewaye take da bango, kamar dai yadda ƙwayoyin jikin mutum suke.

"Wato ku da wannan abin dangi ne," in ji shi, "sai dai ita ta fi ku sanin abin da ya kawo ta."

Tun farkon aurensu suke rigima a kan kwalbar nan, don ba silifa kaɗai ke ciki ba. Akwai amiba mai tafiya kamar man da ya zube a tire, akwai koraye masu bulala ɗaya, akwai wasu da shi kansa Malam sai ya buɗe littafi. Duk damina sai matar ta dawo daga unguwa da 'yar robar ruwa a jaka, ruwan kududdufi, ta tuttula a kwalbar, ba tacewa ba komai. Shi ya ce wannan kasuwa ce, ba aikin kimiyya ba. Ita ta ce to, kasuwar dai ita ke ciyar da ajinsa. A haka suka tsufa, kowa da gaskiyarsa.

Da ta rasu, masu ta'aziyya suka watse, 'ya'ya suka koma garuruwan da suke aiki suka bar masa lambobin waya, Malam ya sami kansa da lokaci fiye da buƙata. Sai ya yi abin da ya daɗe yana so. Ya ɗauki bututun gilashi mai siririn baki, ya bi silifa guda, wadda ta fi ƙiba da kuzari, ya tsamo ta ita kaɗai. Ya yi ta wanke ta daga wannan ɗigon ruwa zuwa wancan, har ya tabbata babu baƙo tare da ita. Ya dafa busasshiyar ciyawa, ya bar ruwan ya huce ya kwana biyu don bakteriya su yi yawa, tunda su ne abincinta. Tsohon ruwan ya juye a kwata, ya wanke kwalbar tas, ya sa silifar a sabon gida. Ɗaya ta rabu biyu, biyu suka zama huɗu. Kafin wata ya ƙare ruwan ya cika da su, dukansu jikin guda ɗaya, gudar nan kuma daga hannun matarsa ta fito. Bai gaya wa kowa wannan tunanin ba, amma da shi yake kwana, da shi yake tashi.

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ko ɗigon ruwan waje bai shiga kwalbar ba.

Malamar da ta gaji ajinsa tsohuwar ɗalibarsa ce. Duk farkon zango takan zo da 'yar kwalba ta roƙi kaɗan, don 'yan aji ɗaya su ga abu mai rai kafin a cika musu kai da zane-zane. Wannan karon da hantsi ta zo, ta tarar da Rediyo a falo tana ɗinke masa aljihun riga.

Rediyo ƙanwar marigayiya ce, tela, mai 'ya'ya da jikoki da labarin kowa. Malam ne ya sa mata sunan tun tana budurwa, ita kuma ba ta taɓa ba shi dalilin janyewa ba. Duk ƙarshen mako takan kawo masa abinci a kula, ta kwashe kular makon jiya, ta buɗe ta ga abin da ya rage, ta yi masa faɗa.

"Mijin Yaya, ga 'yarku ta zo ɗibar ruwan albarka," in ji ta. "Tashi ka ba ta tun bai huce ba."

Malam ya ɗiga ɗigo a fallen gilashi, ya yagi auduga 'yar kaɗan ya baza a kai. Dabarar marigayiya ce. Silifa gudu gare ta, in ba a sa mata shinge ba, ɗalibi ba zai ga komai ba sai wulgawa. Ya matsa ya ba Malama wuri. Ta sa ido, ta murɗa madubin sama, ta murɗa shi ƙasa, ta daɗe.

"Baba, ai yau ba sa buƙatar auduga."

"Sanyin safiya ne."

"Da ƙyar na ga 'yan kaɗan. Duk sun rame, wata ma wutsiyarta ta lanƙwashe." Ta ɗago. "Bara fa ɗigo ɗaya kamar tashar mota."

"Bara ke ma kin fi haka ladabi."

Ta yi murmushi, don ta saba. Ta dubi kwalbar, ta dube shi.

"Baba, kai ka koya mana cewa idan aka..."

"Na san abin da na koya muku."

"To. Darasin sai ƙarshen wata. In sun farfaɗo zan dawo. In kuma ba su farfaɗo ba, ba komai, sai in nuna wa yara a waya."

Ta faɗi haka ne don ta sauƙaƙa masa. Mutanen kirki sun fi kowa iya soka wuƙa, don ba sa duba inda suke sokawa.

Da ta fita Rediyo ta ciji zare, ta ce, "Me ya same su?"

"Tsufa."

"Kai, mijin Yaya. Yaya ta ce min ba sa mutuwa, sai dai su rabu biyu. Abin da ba ya mutuwa ina ya ga tsufa?"

Malam bai so yin bayani ba, amma tsohon malami da tambaya kamar akuya ce da ɗanyen ganye.

"Cibiya biyu gare ta, babba da ƙarama. Babbar ke tafiyar da gida, ci da sha da motsi duk ita ce. Ƙaramar ba ta taɓuka komai, a ajiye take."

"Kamar kai."

"In za a rabu, ƙaramar a natse take rabuwa, kowa ya sami daidai. Babbar kuwa tsinkewa kawai take yi, kamar an ja ƙullin fulawa an raba da hannu. Yau da gobe ɓarna na taruwa a cikinta. Sai tafiya ta yi nauyi, rabuwa ta yi wuya, jiki ya karkace."

"Babu magani?"

"Akwai. Biyu su haɗu su manne gefe da gefe, su yi musayar ƙananan cibiyoyin. Bayan sun rabu kowacce ta rushe tsohuwar babbar, ta gina sabuwa."

"To su haɗu mana. Wa ya riƙe su?"

"Ba sa haɗuwa da jikinsu. Waɗannan duk daga guda ɗaya suka fito. Sai da baƙo."

Rediyo ta soke allura a gefen zaninta, ta ƙura masa ido.

"Wato kai ka kulle su, ba shiga ba fita, ka zauna kana jiran albarka. Ashe shi ya sa Yaya take yawo da robar nan."

"Yayarki ba don wannan take yi ba. Ƙazanta ce ta yi sa'a."

"Allah ya ba mu ƙazanta mai sa'a," in ji Rediyo, ta ɗauki kula ta tafi.

Abin da ya gaya mata ba sabon ilimi ba ne. Ya rubuta shi a allo ya goge, ya sake rubutawa, ya kayar da ɗalibai a jarrabawa a kansa. Amma mutum yakan san abu a allo shekara da shekaru, ranar da abin ya shigo ɗakinsa ya ce bai taɓa ganin fuskarsa ba. Malam ya san muddin ruwan waje ya shiga kwalbar nan, ba zai ƙara nuna silifa ya ce wannan ta matarsa ce ba. Don haka ya bi duk hanyar da ba ita ba. Ya dafa sabuwar ciyawa. Ya jefa ƙwayar shinkafa. Ya canza wa kwalbar taga, ya dawo da ita. Ya tari ruwan sama a kwano ya dafa, don na famfo magani gare shi. Ruwan ya yi kauri da abinci har ya soma wari, masu ci kuwa kullum raguwa suke. Wata safiya sai da ya leƙa ɗigo bayan ɗigo kafin ya sami guda, ita ma tana juyawa wuri ɗaya kamar mai neman abin da ta yar.

Ranar da Rediyo ta dawo da kula, ta tarar da shi a bakin ƙofa, ya sa takalmin fita, da 'yar roba a hannu.

"Ikon Allah. Ina zuwa?"

"Kududdufin bayan makaranta."

Ta ajiye kular a ƙasa don kada ta zube, sannan ta yi dariyarta har ta ishe ta.

"Wane kududdufi? Bayan makaranta ai filin ƙwallo ne da juji. Kai da ka tsufa a makarantar!"

"To ina Yayarki take ɗebowa?"

"Ba ka taɓa tambayarta ba?"

Bai taɓa ba. Ya koyar da halittun kududdufi har gashinsa ya yi fari, takalminsa bai taɓa taɓa laka ba. Ruwa yana zuwa a jaka, kamar yadda abinci ke zuwa a tire, shi nasa ya ce gishiri ya yi yawa.

"Bayan gidan Innarmu ne," in ji Rediyo. "Duk ranar da ta ce maka za ta gaida Inna da damina, rabin gaisuwar a bakin ruwa ake yinta. Amma ruwa ai ruwa ne. Ga kwata nan a ƙofar gidanka, har ta yi kore."

"Ba kowace silifa ke karɓar kowace ba. Ido zai ga iri ɗaya, su kuwa sun san nasu. Gara inda kakanninsu suka fito."

"Su ma da zaɓen dangi? Kai, duniya. Mu je, kafin ka fasa."

Suka shiga motar haya, suka sauka inda kwalta ta ƙare. Rabon Malam da unguwar tun rasuwar surukarsa. Gidan an sayar, ya zama shagon siminti da rodi. Suka bi lungun da ke gefensa, Rediyo a gaba tana gaya masa wanda ya mutu a kowane gida da wanda ya ci gadon. Kududdufin yana nan, amma ya koma rabi. Ta gabas motocin yashi sun fara cike shi da ɓaraguzan gini. Ta kudu masu wankin mota sun kafa rumfa, kumfar sabulu na gangarawa ciki. Malam ya tsaya yana kallon kumfar. Sabulu yana fasa fatar silifa kamar yadda allura ke fasa balan-balan.

"Ba nan ba," in ji Rediyo. "Can ƙarƙashin bishiyar, inda ciyayin nan suke. Nan Yaya take tsugunawa, ni in riƙe mata jaka. Kuma ba na sama take ɗiba ba, hannu take sawa ta kamo ruɓaɓɓen ganye ta matse a robar. In ce mata, Yaya, ke da kike matar malami? Ta ce malamin ne ya aiko ta, bai dai sani ba."

Malam ya gane dabarar. Ruɓaɓɓen ganye shi ne inda bakteriya suke taruwa, inda suka taru kuwa nan silifa take kiwo. Ya naɗe ƙafar wando. Takun farko ƙasa ta riƙe shi, na biyu ta karɓe shi har ƙauri. Ya sunkuya, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya kamo ganye baƙi mai santsi ya matse. Warin ya daki hancinsa, sai ya gane shi. Warin jakar matarsa ne, wanda ya yi shekaru yana ce mata ta wanke.

Wani mai wankin mota ya ajiye tiyo ya matso.

"Baba, lafiya? Wani abu ne ya faɗa?"

"Neman aure muka zo," in ji Rediyo.

Mutumin ya dubi tsohon da ke cikin laka, ya dubi matar, ya ce Allah ya sa albarka, ya koma kan motarsa.

Da Malam ya ja ƙafa zai fito, ƙafar ta fito, takalmin ya zauna. Ya lalube shi da hannu bai samu ba. A haka ya shiga motar haya, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya da laka, ya rungume robar a cinya. Rediyo ta yi shiru har gida, abin da bai taɓa gani ba, sai dai dariyar da take dannewa.

Bai wanke ƙafa ba sai da ya leƙa. Kasuwa ce, ranar da ta cika. Amiba na malala a gefe, koraye na wulga bulala, wasu ƙanana na tsalle kamar an watsa musu wuta. Can sai ga silifa ta ratsa, mai ƙiba, ta bangaji zaren ganye, ta ja da baya, ta sake hanya. Ya manta haka suke gudu.

Hannunsa ya tafi wajen bututun gilashi.

"Kar ka soma," in ji Rediyo daga bakin ƙofa.

"Ba ki san abin da ke cikin ruwan nan ba. Akwai wani mai kamar 'yar ganga, ba ya cin komai sai silifa, ya haɗiye wadda ta fi shi girma. In akwai shi a nan, waɗannan tsofaffin ba za su kai mako ba."

"Yaya ta taɓa tsince shi?"

"A'a."

"Sun ƙare?"

Malam ya ajiye bututun. Amma shi ba mutumin da zai sa dukiyarsa duka a aljihu ɗaya ba ne. Ya ɗauko kofin shayi, ya wanke, ya tsiyayi rabin ruwan kwalbar a ciki, ya rufe da ƙyalle. Waɗannan za su zauna yadda suke, tsarkakakku. Sannan ya buɗe robar ya tuttula a kwalbar, ba tacewa ba komai. Ruwan ya yi duhu, wani guntun ganye ya yi ta juyawa har ya kwanta a ƙasa.

"Sai a ƙara musu shinkafa," in ji Rediyo. "Baƙi sun zo."

"Babu abinci daga yau. Sai sun ji yunwa suke neman juna. Mai ƙoshi ba ya neman kowa."

"Ashe laifina ne da nake kawo maka kula."

Kwanaki suka shuɗe. Kullum da safe ya leƙa kwalba, ya leƙa kofi, da la'asar ya sake. Bai ga 'yar gangar nan ba, amma rashin gani a ɗigo ɗaya ba shaida ba ce. Baƙin suna ta kai da kawowa. Tsofaffin suna nan a tsakaninsu, ana gane su da rama da karkacewa, ana bangazarsu ana wucewa. Babbar 'yarsa ta bugo waya ta tambaye shi ko yana shan maganinsa, ya ce yana sha, ta ce me yake yi, ya ce yana jira, ta ce to Allah ya kawo, ba ta tambayi me ba.

Rediyo ta zo tsakiyar mako, ba ranarta ba, wai ta manta almakashinta. Ta tarar da shi a kan madubi, bai amsa sallamarta ba. Ta maimaita. Ya ɗaga hannu ɗaya, ya yafito ta.

"Rufe ido ɗaya. Ba wannan ba, ɗayan. Kar ki taɓa tebur."

Ta sunkuya tana riƙe da gyale. Da farko ta ce ba ta ganin komai sai gashin idonta. Can ta hango su.

Biyu ne, sun manne gefe da gefe, baki na fuskantar baki, suna tafiya tare a hankali suna juyawa kamar itace a ruwa. Ɗaya cikakkiya, sumul. Ɗayar siririya, wutsiyarta a lanƙwashe.

"Wacce ce ta Yaya?"

"Mai lanƙwasar."

"Allah sarki. Ta rame." Ba ta ɗago ba. "Yanzu sai haihuwa?"

"Babu haihuwa. Biyu suka shiga, biyu za su fita. Za su yi yini a haka, su yi musaya, kowa ya kama gabansa."

"To ai sun fi mutane hankali. Za ta warke?"

"Wasu suna warkewa. In tsufan ya yi nisa, wasu ba sa tashi."

Ya karɓi madubin. Gefen ɗigon ya fara bushewa, zoben ruwan yana matsowa ciki. Bututun gilashi na nan kusa da hannunsa. Zai iya tsamo biyun nan ya sa su a wuri na daban, ya jira su rabu, ya ware mai lanƙwasar, ya ga da idonsa ko ta tashi. In ta tashi, ya sami sabuwar zuri'a mai tsabta wadda ya san asalinta, ya wanke kwalba tas, ya sa ta ciki ita kaɗai. Ya iya aikin, ya taɓa yi, ga sakamakon can a kofin shayi.

Ya zare fallen gilashin daga ƙarƙashin madubi, ya karkata shi a bakin kwalbar, ya ɗauraye ɗigon ya koma ciki.

"Ka ɓatar da ita," in ji Rediyo.

"Na san inda take."

Na kofi ba su kai ƙarshen wata ba. Ya leƙa ɗigo bayan ɗigo, daga sama, daga ƙasa, daga jikin kofin, babu abin da ke motsi sai bakteriya, abinci ba mai ci. Ya juye ruwan a kwata, ya wanke kofin da sabulu, ya mayar da shi cikin 'yan'uwansa. Kofi dai kofi ne.

Kwalbar kuwa da ya dawo da ba ta ciyawa, sai ta cika. Ya nemi mai lanƙwasasshiyar wutsiya sama da ƙasa, bai ƙara ganin ko ɗaya ba. Ko sun mutu baƙi sun gaje gidan, ko sun gina sabuwar cibiya sun miƙe sun saje da kowa. Madubi ba ya bambance wannan. Ya duba littattafansa duk da ya san ba su da amsa, suka tabbatar masa.

Malama ta dawo da 'yar kwalbarta, da alamar wadda ta shirya yin ta'aziyya. Ya ɗiga mata ɗigo. Ta sa ido, ta ja da baya.

"Baba, auduga!"

Ya miƙa mata. Ta baza, ta sake leƙawa.

"Har da amiba. Ga koraye ma. Rabon da in ga haka tun Mama na ɗakin gwaji. Me ka yi musu?"

"Kasuwa ce. Ɗebi ki tafi."

Ta cika kwalbarta, ta rufe, ta tsaya tana juya ta a hannu.

"Amma har yanzu na Mama ne?"

"Ga su nan a hannunki, ki tambaye su." Ya ɗaure ƙyallen a bakin kwalbar da roba. "Akwai kududdufi bayan shagon siminti, inda kwalta ta ƙare. Rediyo za ta nuna miki. Ana cike shi, ban ga alamar zai ga damina biyu ba. Ki kai yaran su ɗebo da hannunsu, ta wajen bishiya, ba ta wajen masu wankin mota ba. Ki kafa taki kwalbar, ki daina zuwa kina damun tsoho."

"To, Baba."

"In wani ya ga takalmin ƙafar hagu, nawa ne."

Bayan ta tafi ya ɗauraye 'yar robar da ruwan sama, ya kife ta a taga kusa da kwalbar. Sannan ya buɗe kular da Rediyo ta bari, ya ga abincin ya huce, ya ci a haka.